Akuyar da Baba Ma'aji Ya Ƙi Karɓa

A ƙasar Jaba, kudancin jihar Kaduna, citta ce ke biyan kuɗin makaranta. Ita ke rufa ɗaki da kwano, ita ke yi wa saurayi aure, in kuma ta yi kyau a gona har farantin baiko na majami'a sai ya shaida. Daga Kwoi zuwa Kachia da Kagarko, da kaka ta yi sai ka ga an fasa citta an shanya a kan duwatsu da gefen hanya, ƙamshinta na tarbar mutum tun daga nesa, dillalai kuwa na ta kai da kawowa da manyan motoci.

A wani ƙauye can gefen Kwoi akwai wani magidanci da kowa ke kira Auta, ko da yake 'ya'yansa uku. Shekarar 2023 tun daga farko ba ta zo da sauƙi ba. Watannin Fabrairu da Maris aka sha wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na sayen gishiri a aljihu. Duk da haka Auta ya ƙudura cewa bana zai fita kunya. Ya karɓi bashin naira 400,000 wurin wani dillalin citta a kan zai biya da kaka. Ya ƙara iri, ya sayi takin zamani, ya ɗauki 'yan ƙwadago suka yi huɗa, suka rufe gonar da ganye. Masara kuwa 'yar kaɗan ya shuka a bayan gida.

Matarsa, wadda har yau Amarya ake ce mata, ta ce, "Maigida, ba a bar wa hatsi ko da kunya ashirin ba?"

Ya ce, "In citta ta yi, hatsin kasuwa duk namu ne."

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Babur ɗin da Auta ke ɗan taɓa acaɓa da shi ranar kasuwa ya koma jingine a zaure, don fasinja sun koma tafiya da ƙafa. Ya ce a dai daure zuwa kaka.

Sai ga annoba. Tsakiyar damina ganyen citta ya fara yin ɗorawa, ya bushe, ya kwanta. In ka tona sai ka tarar ta ruɓe a ƙasa tana wari. Aka yi feshi, aka sake yi, a banza. Masana aikin gona suka ce wata cuta ce irin ta funfuna, kuma ba gonar Auta kaɗai ta ci ba, ta bi Jaba da Kachia da Kagarko har Jema'a. Magidanta da yawa sun tsaya a bakin gonakinsu sun yi hawaye a wannan damina, ba wanda ya yi wa wani dariya.

Ana cikin haka wani baƙon mai wa'azi ya kafa rumfa a garin da ke kusa, ya yi taron farkaswa na kwana uku. Maganarsa ɗaya ce: duk wanda ke cikin matsi ya "shuka iri", wato ya ba da abu mafi tsada da ya rage masa, Allah zai mayar masa ninki ɗari kafin shekara ta ƙare. Auta ya dawo gida bai rintsa ba. Abu mai daraja da ya rage a gidan akuya ce guda, mai ciki. Da asuba ya kwance ta. Baƙon ya riga ya naɗe rumfarsa ya tafi, don haka Auta ya ja akuyar zuwa gidan ma'ajin ikilisiyarsu ta ECWA, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda yara da manya ke kira Baba Ma'aji.

Bayan sun gaisa, Auta ya durƙusa ya ce, "Baba, na kawo wa Ubangiji iri."

Tsohon ya dubi akuyar, ya dubi Auta. "Ɗana, akuyar wa ce?"

"Ta gidanmu ce, Baba."

"Na san ta gidanku ce. Wa ya saye ta?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Amarya ce, da kuɗin adashinta."

"Ta san ka fito da ita?"

Shiru.

"To, shi dillalin da ke binka, ya sani?"

Auta ya ɗago da ɗan zafi. "Baba, ai gwauruwar nan da Yesu ya yaba, anini biyu gare ta, duka ta jefa. Ni ma abin da ya rage ke nan."

"Nata ta jefa," in ji tsohon. "Ba ta kwance akuyar wani da asuba ba. Kuma je ka karanta Markus sura 12 har ƙarshe, ka zo ka nuna mini inda ta koma gefe ta tsaya tana jiran a ninka mata. Kana tuna MMM a 2016? Mutane nawa a garin nan suka zuba kuɗi don a ninka musu, suka tashi hannu rabbana? Abin da ke ranka yau ke nan, sunan Allah kawai ka ɗora a kai. Ja akuyar nan ka mayar inda ka kwance ta, ka nemi gafarar matarka, da yamma ku zo tare."

Sai mai karatu ya san halin da ikilisiyar ke ciki kafin ya gane nauyin abin da tsohon nan ya yi. Sabon ginin majami'a ya kai linta, shekara biyu yana jiran kwano, albashin Fasto ma da kyar ake haɗawa. Ma'ajin da ke cikin wannan hali ya ga akuya mai ciki a ƙofar gidansa ya ce a mayar, wannan ya san cewa amanar da ke wuyansa ta haɗa da mutanen da ke kawo kuɗin. A ganina wa'azin "shuka iri" ya fi cutar citta ɓarna a gidan matalauci, domin cutar gona ta tsaya a gona, shi kuwa in alkawarin bai cika ba, mutum kan koma yana zargin Allah ko yana zargin bangaskiyarsa.

Da yamma suka zo, Amarya idonta jajir. Baba Ma'aji ya ɗauko sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi biyu, shafin ya rabu uku. Ya ce, "Nan abin da ke hannunku. Nan abin da ake binku. Nan kuma inda kuɗi ke bi ya fita. Duk abin da ke gidanku na Allah ne, ku masu riƙo ne. Mai riƙon kayan wani kuwa dole ya san adadinsu."

Auta ya ce ai ba su da komai. Tsohon ya ce a dai rubuta. Aka rubuta babur. Aka rubuta akuya. Amarya ta tuna da 'yar fadamar bakin rafi da mahaifin Auta ya bari, wadda ciyawa ta cinye tun da citta ta ɗauke masa hankali. Aka rubuta wani ɗan gefen gona a kan tudu inda cutar ba ta kai ba, mai yiwuwa a tsira da buhu biyu. Da aka zo layi na uku ne gumi ya keto wa Auta: katin waya, nama a tasha, da cacar ƙwallo da yake bugawa a waya duk ƙarshen mako, naira 500 yau, 1,000 gobe. Amarya ba ta taɓa sani ba. Ba wanda ya yi masa faɗa. Tsohon dai ya haɗa lissafin wata guda ya ajiye masa a gaba, ya kai kuɗin makarantar ɗansu na fari.

Washegari Baba Ma'aji ya sa hularsa ya raka Auta wurin dillali tun kafin shi ya aiko. Mutumin ma annobar ta taɓa shi, masu riƙe da kuɗinsa da yawa sun daina ɗaukar waya. Ganin wanda ya kawo kansa da dattijo a gaba, sai ya yarda a biya kaɗan-kaɗan.

A hanyar dawowa Auta ya ce, "To Baba, zakka fa? A daina har a gama bashi?"

"Wa ya ce? Abin da ya shigo hannunka ta hanyar guminka, cire na Ubangiji tun kafin ka taɓa, ko naira goma ce. Abin da na hana ka shi ne ka ba da abin da ba naka ba, ko ka ba da don a biya ka."

Bikin godiya na wannan shekara ya zo a rame. Inda aka saba tara buhunan citta gaban bagade, bana sai kwanonin masara, ɗan acca, gwaza da 'yan doya. Al'ada ita ce a yi gwanjon kayan bayan sujada a zuba kuɗin a asusun gini. Da dattawa suka zauna, shugabar Zumuntar Mata, wata gwauruwa da ake kira Maman 'Yan Biyu, ta nemi izinin magana. Ta ce kada a sayar da ko ƙwaya. A gina rumbu a ajiye, domin yunwar gaske sai Yuli da Agusta, lokacin da na bara ya ƙare na bana bai nuna ba.

Sakatare ya ce, "Mama, damina uku ke nan ruwa na dukan ginin nan."

Ta ce, "Ɗana, bulo ba ya kwana da yunwa. Yusufu a Masar kashi ɗaya cikin biyar ya tara shekara bakwai, da shi aka ceci ƙasa. Mu ba mu sami shekarun ƙoshi mun tara ba, amma mu mata mun yi shawara: duk wadda za ta ɗora tukunya za ta ɗebi tafi ɗaya na hatsi ta zuba a gefe, ran Lahadi ta kawo."

An ja maganar har rana ta karkata, wasu dattawan ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujjarsu. A ƙarshe Fasto ya goyi bayan mata. Matasa suka kwaɓa ƙasa, Auta na cikin waɗanda suka ɗora jinka.

Da rani ya share fadamar nan ya shuka alayyafo da kuɓewa da tumatir, shi da Amarya suna ban ruwa da bokiti. Cinikin farko naira 7,000 ne. Ya zo wurin Baba Ma'aji da naira 700 a dunƙule cikin hannu, yana jin kunya, don a da in citta ta yi, dubbai yake zubawa kowa na gani. Tsohon ya warware kuɗin, ya rubuta a babban littafi a layin da ke ƙarƙashin na wani ɗan kwangila, bai ce ta yi kaɗan ba, bai kuma yi masa kirari ba. Ran Laraba kuwa Auta ya ware babur ɗinsa don kai tsofaffi da marasa lafiya asibiti, su zuba mai, shi ya ba da lokacinsa.

Ba wani ninki ɗari da ya sauko. Citta ta yi tsadar da ba a saba gani ba a 2024 saboda ƙarancinta, amma Auta ba shi da ta sayarwa sai buhu biyun nan na tudu. Dillali ya ce ya kawo duka a rage bashin sosai. Suka buɗe littafi shi da Amarya suka yi lissafi har dare. Suka kai buhu ɗaya, suka riƙe ɗaya don iri. Daga wanda suka riƙe, Amarya ta cika daro ta kai wa Maman 'Yan Biyu, wadda nata irin ya ruɓe ƙurmus. Suka shuka irin da ya rage, sauran gonar suka cika ta da masara da waken soya.

Jarrabawar da ta fi yi wa Auta wuya a watan Yuli ta zo. Hatsin gidan ya ƙare, kwana biyu yara na shan kunu tsararo. Amarya ta ce za ta je rumbun ikilisiya. Ya ce sam, shi da ya ɗora wa rumbun jinka ba za a ga matarsa da ƙwarya a bakinsa ba. Maganar ta kai kunnen Maman 'Yan Biyu. Da magariba sai ga ta da kanta, da mudu goma na masara a ka.

Ta sauke ta ce, "Auta, da ka aiko mini da irin citta, na mayar maka?"

"A'a, Mama."

"To me ya sa kake son ka zama mai bayarwa kullum? Hatsin nan akwai tafin hannun matarka a ciki tun watan Disamba. Abin da Bulus ya koya wa mutanen Koranti ke nan, mai shi yau ya tallafi marar shi, gobe a juya. Karɓi ka gode wa Allah, kada girman kai ya kwanar mini da jikoki da yunwa."

Ya karɓa da hannu biyu. Gidaje da dama sun ci daga rumbun nan a wannan damina, har da maƙwabta Musulmi biyu da ba a tambaye su komai ba sai yawan bakin da ke gidan.

Akuya ta haifi 'ya'ya biyu, aka sayar da ɗaya aka biya kuɗin makaranta. Bashin dillali bai ƙare da kakar 2024 ba, saura kaɗan ya tsallaka shekara, amma ba watan da Auta ya tsallake bai kai wani abu ba. Ginin majami'a ya sami kwano a rabi, ɗaya rabin na jira. Da aka zo bikin godiya, sakataren da ya yi gardama bara shi ya fara cewa a cika rumbu tukuna kafin a yi gwanjo.

A zaman ne Baba Ma'aji ya ce ƙafafunsa sun fara gajiya, ba zai iya haɗa littafin kuɗi da awon hatsi ba, a nemi wanda zai riƙe makullin rumbu da mudu. Aka tambaye shi wa yake gani. Ya nuna Auta. Wani dattijo ya ce, "Mutumin da ake bi bashi?" Tsohon ya ce, "Mutumin da ke biyan bashi. Ku ce ya kawo littafinsa ku duba."

Fasto ya juya ya ce, "Auta, ka ji. Za ka riƙe?"

Auta ya miƙe ya ce, "Baba Fasto, ku ba ni zuwa Lahadi. Aiki ne mai cin lokaci, kuma fadama ta mu biyu ce. Sai na yi shawara da Amarya."