BASHI DA TUMBI: TA ƘOFA ƊAYA SUKE SHIGOWA



'Yan uwa, rubutun yau a kaina zan yi shi. Na daɗe ina ɗage shi saboda kunya, amma saƙonnin da kuke turo mini a asirce, da yawansu a kan bashi ne, sai na ga ɓoyewar ba ta da amfani.

Kusan shekara biyu ke nan, wata rana bayan la'asar aka kawo gawar wani dattijo ƙofar masallacinmu. An ajiye makara, an daidaita sahu, na juyo na faɗi abin da muka saba faɗa: duk wanda yake bin marigayi bashi ya nemi magadansa. Ina rufe baki idona ya faɗa kan mai shagon unguwarmu, yana tsaye a sahu na biyu. Bai ce komai ba, sunkuyar da kai kawai ya yi. A lokacin wata huɗu ke nan sunana yana cikin littafinsa, har na canza hanyar da nake bi zuwa masallaci don kada in gifta ta ƙofar shagonsa. Wallahi na yi kabbara huɗun nan zuciyata tana tambayata: in da kai ne a cikin makarar nan, mutum nawa ne za su zo wajen magadanka?

A daren na ɗauki takarda da biro na rubuta kowa. Mai shago, mai nama, tela, makarantar yara, wani abokina, sai yayana da na karɓi rance a wajensa tun lokacin aurena. Da na haɗa lissafi sai ga naira 870,000. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai ranar, domin mai bashi ba ya son lissafi.

A cikin watan kuma ciwon kai ya kai ni asibiti. Aka auna, aka ce jinina ya hau, sukarina yana bakin iyaka, sikeli ya nuna kilo 103. Da ma jikina ya daɗe yana gaya mini. Ayar da nake karantawa da numfashi ɗaya lokacin ɗalibta, sai na raba ta biyu. In na yi sujada numfashi sama-sama, in na zo miƙewa sai na dafa ƙasa kamar ɗan shekara saba'in.

Da farko na ɗauka jarrabawa biyu ce ta haɗu mini. Sai da na karɓi littafin mai shago na duba shafina layi-layi. Shinkafa da gero kaɗan ne a ciki. Lemon kwalba ne, madara, sukari, biskit, indomi, man gyada. Na tuna tsiren da nake tsayawa saye bayan isha'i, da cewa "rubuta, sai ƙarshen wata". Ashe abin da yake rubuce a littafin nan shi ne yake rataye a gabana. Bahaushe da ya ce "cin bashi" bai yi kuskure ba. Ni dai nawa cinye shi na yi a zahiri.

Kafin in ci gaba, a fahimce ni. Ba kowane mai bashi ne almubazzari ba. Akwai wanda rashin lafiya ta kai shi, akwai wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Manzon Allah (SAW) da kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓo wa iyalansa, kamar yadda ya tabbata a Bukhari. Haka nan ba kowane mai ƙiba ne mai zari ba, wani gado ne, wani lalura ce. Maganata da irina nake yi, waɗanda abin da muke samu zai ishe mu, amma zuciya ba ta iya cewa "ya isa" ba.

Ku duba yadda addini ya ɗauki bashi. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawa, da aka gaya masa akwai bashi a kan mamacin kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya sannan ya sallace shi. A Sahihu Muslim ya zo cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito cewa yana yawan neman tsari daga bashi a cikin salla, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. Wannan hadisin na sha karantar da shi, amma ban gane shi ba sai ranar da na ji kaina ina ce wa yaro ya je ya ce ba na nan.

A ɓangaren ciki ma haka ne. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA) da Tirmizi ya fitar ya nuna ciki shi ne mafi sharrin mazubin da mutum yake cikawa, in kuma dole ne to a kasa shi uku: abinci, abin sha, da numfashi. Ni kason numfashin na haɗa na cinye, shi ya sa karatu ya gagare ni.

Al'adarmu ma tana taimaka wa abin. In ka yi tumbi sai a ce Malam ya murmure, hutu ya zo. Liman kuwa kowace walima da shi, kowane suna da shi, kuma a gabansa ake ajiye babban faranti. Kunyar da take hana ka ture farantin nan, ita ce take sa ka ci bashin anko da kayan fitar suna don kada a ce ka gaza. Cuta ɗaya ce: tsoron bakin mutane, da bin son rai.

Ga abin da na yi, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Na farko, na je wajen kowa da ƙafata. Na fara da mai shago. Ya ce da ni: "Malam, wallahi kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda ka daina bi ta nan." Muka yi yarjejeniyar abin da zan riƙa kawowa duk wata, muka rubuta. Ya tabbata a Bukhari cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa. To niyya tana da alama, alamarta kuwa kada ka ɓuya.

Na biyu, na rufe ƙofar sabon bashi. Abin da babu kuɗinsa a aljihu, babu shi. Ina kuma jan kunnenku game da manhajojin ba da rance na waya. Ruwan da suke ɗorawa riba ce, haramun ce, sannan wasunsu in ka yi jinkiri sai su bi lambobin wayarka suna tozarta ka. Ba a kashe wuta da fetur.

Na uku, na zaunar da maiɗakina na nuna mata takardar. Wannan ya fi mini komai nauyi. Sai ta ce ai ta daɗe da sani, jira take in yi magana. Ita ta rage mai da gishiri da dunƙule a miya. Malmala biyu ta koma ɗaya, aka ƙara ganye: zogale, alayyafo, rama, ga wake. Abincin dare ya dawo bayan magariba. Lemon kwalba na bar shi gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da babba yake sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wajen cokalin shayi goma sha biyu ke nan, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Babbar roba ɗaya ta lemo tana iya cinye kason sukarin nan kusan duka, ni kuwa biyu nake sha, ban da shayi.

Na huɗu, tafiya a ƙasa. Na ajiye babur in dai zuwa masallaci ne, bayan asuba kuma na ƙara tattaki na rabin awa. Likitoci suna cewa a samu aƙalla minti 150 a mako. Ga ladan taku zuwa masallaci, ga lafiya, ga kuɗin mai ya ragu.

Na biyar, azumin Litinin da Alhamis. Amma a kula, azumi ibada ne, don Allah ake yin sa. In ka yi shi don tumbi kawai, tumbin zai iya sauka amma ba ka da lada. Raguwar jiki riba ce da take biyo baya. Kuma in za ka rama abincin yini guda a wajen buɗa-baki, ba ka yi komai ba. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki ko mai shan magani, ya tambayi likitansa tukuna.

Na shida, duk abin da na fasa saye, a ranar nake ware kuɗinsa gefe. In ka bar shi a aljihu zai sami wata hanyar fita. Wajen biya kuma na fara da masu ƙaramin jari, mai nama da tela, domin kuɗinsu da na riƙe shi ne abincin 'ya'yansu.

Kada ku ɗauka tafiyar ta miƙe sumul. Babbar salla ta zo na mai da kilo uku a mako biyu. Ɗana ya kwanta asibiti, dole na sake karɓar rance, sai dai wannan karon a rubuce, da shaidu, da ranar biya. Akwai daren da na wuce mai tsire, na dawo, na sake wucewa. Amma sannu ba ta hana zuwa. Yau sikeli yana nuna kilo 88, jinina ya daidaita duk da ina ci gaba da zuwa awo, bashin da ya rage kuma na yayana ne, naira 120,000. Ku taya ni addu'a Allah Ya ba ni ikon sauke shi kafin azumi.

Akwai ƙissar da nake yawan tunawa. Zubairu ɗan Awwam (RA), ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, a ranar yaƙin Jamal ya kira ɗansa Abdullahi, babban abin da ya dame shi a lokacin shi ne bashin da ake bin sa. Bayan rasuwarsa aka lissafa ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Abdullahi ya sayar da filinsa na Gaba ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Mu fa? 'Ya'yanmu sun san wanda yake bin mu?

Ku kuma masu bin bashi, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi alheri. Masu fitar da zakka, ku tuna waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Wanda kuma yake da halin biya yake ja wa mutane rai, ya sani Annabi (SAW) ya kira wannan zalunci. Sabuwar waya a hannunka, kuɗin wani a wuyanka, wannan ba talauci ba ne.

Ɗan uwa, 'yar uwa, abu ɗaya nake roƙonku yau da daddare. Ku ɗauki takarda ku rubuta duk wanda yake bin ku, da nawa ne, ku nuna wa wani amintacce a gida. Gobe kuma ku bi ta ƙofar shagon da kuka daina bi.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya wadatar da mu da halal, Ya sa mu bar duniya ba hakkin kowa a kanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.