Hayaƙin Nan Na Wane Ne?

Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, ƙasar Nijar, a dā ana kai shi Faransa, inda yake ba da lantarki ba tare da hayaƙi ba. Amma wutar da ake aikin haƙar da ita, sai da aka ƙona kwal a Anu Araren aka samo ta.

Kamfanin Orano ya yi alkawari zai rage hayaƙin nan mai ɗumama duniya. Madalla. To, an rufe ramin Akuta a 2021, gwamnatin Nijar kuwa ta karɓe mahaƙar Somair a 2025. In lissafin hayaƙinsa ya ragu ta wannan hanya, ya cika alkawari ke nan? Ni dai ban yarda ba, gama ba ƙoƙarinsa ne ya rage shi ba, hayaƙin da aka tura sama tun dā kuwa bai sauko ba tukuna.