Karatu ba Tare da Malami ba a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Tambayar ko mutum zai iya mallakar ilimi daga littattafai kaɗai, ba tare da ya durƙusa gaban malami ba, tsohuwa ce a wajen malaman Musulunci, amma ta sake tasowa ga masu bibiyar ƙirƙirarriyar basira, wato fannin da ke koya wa kwamfuta ayyukan da a da sai da hankalin ɗan Adam ake yin su, kamar fassara da gane hoto da amsa tambaya. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022, fannin yake gudun da manhajar jami'a ba ta iya cim masa, har ya zamanto ɗalibi da malami duk sun koma koyar da kansu.

Imamu Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya tattauna batun a muƙaddimar littafinsa Al-Muwafaƙat, inda ya fifita karɓar ilimi baki da baki, sannan ya yarda da karatun littafi bisa sharaɗi biyu: mai karatu ya san isɗilahin fannin, wato kalmomin da ma'abotansa suka keɓe wa ma'anoni na musamman, kuma ya nemi rubutun magabata. Sharaɗin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Na biyun ne abin tsayawa, domin a zahiri ya saɓa wa fannin da ake ganin takardar bara ta tsufa.

Sai dai wanda ya duba da kyau zai ga cewa fannin yana da nasa magabatan. Dabarar da ake horar da waɗannan na'urori da ita, wadda ke mayar da lissafin kuskure baya don a gyara lambobin ciki, Rumelhart da Hinton da Williams ne suka yayata ta a 1986. Nasarar da ɗaliban Hinton na Jami'ar Toronto suka samu a gasar gane hotuna ta ImageNet a 2012 a kanta ta ginu. Haka ma tsarin Transformer da masu bincike takwas suka gabatar daga Google a 2017, wanda shi ne ƙashin bayan ChatGPT da takwarorinsa. Wanda ya riƙe waɗannan matakai uku, tare da lissafin aljabara da na yiwuwar aukuwar abu, zai gane cewa yawancin abin da ake kira sabo reshe ne. Wanda ya tsallake su kuwa, ya dinga bin rumbun arXiv inda ake zuba takardu tun kafin masana su tantance su, zai tara sunaye ba tare da ma'aunin rarrabe tsaki da tsakuwa ba, kuma wannan ma'aunin shi ne ainihin abin da malamin zaure ke bai wa ɗalibinsa idan ya hana shi ɗaukar Risala kafin ya sauke Ahalari da Ishmawi.

Akwai wata rahama a wannan fanni, ita ce gwaji. Ɗalibin da ya zauna da tsohuwar kwamfutarsa da dare, ya rubuta ƙaramin tsari ya ɗora shi a Google Colab, yana kallon adadin kuskure yana sauka layi bayan layi ko kuma ya ƙi motsi, ya sami mai gyara da ba ya jin kunyarsa. Gwaji yana nuna cewa an yi kuskure, amma ba ya faɗin wace tambaya ce ta cancanci a ɓata wata guda a kanta, kuma nan ne gurbin malami ya kasance a buɗe.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mayar da na'urar kanta malami. Tana bayani cikin haƙuri, ba ta gajiya da maimaici, amma ba ta da isnadi, wato silsilar waɗanda aka karɓo magana daga gare su, domin aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, kuma takan faɗi ƙarya da irin natsuwar da take faɗin gaskiya. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Lauyoyin ba jahilan fanninsu ba ne. Ɗayansu ma ya tambayi na'urar ko shari'o'in na gaskiya ne, ta kuwa tabbatar masa.