TSAKANIN KIRARI DA TSINUWA: INA ZA MU AJIYE NAGWAMATSE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, akwai tambayar da matasanmu na wannan yanki, daga Daudawa zuwa Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, suke ta jefa wa malamai, wasu da neman sani, wasu da ɗacin rai. Suna cewa: Malam, wanda ya hau babur ya shigo ƙauye da tsakar dare ya kora mata da yara cikin daji, kun ce azzalumi ne. To wanda ya hau doki shekara 130 da suka wuce ya yi irin wannan aikin fa, me ya sa shi ake masa kirari, har ake sa wa gine-gine sunan gidansu?

Kada wani ya yi saurin cewa yaran nan ba su da ladabi. Mutanen da suka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, waɗanda suka sayar da gona da shanun huɗa don fanso uwa ko ɗa, suna da haƙƙin su yi wannan tambaya. Kuma sunan da ya fi fitowa a bakinsu shi ne Nagwamatse.

Bari mu faɗi ko wane ne, don da yawa suna jin sunan ne kawai. Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, wato jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi ya kafa Kwantagora, yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, shi ne wanda sunansa ya fi tsorata mutane. Ya yi ta kai hari ƙasashen Gwari da Kambari da Kamuku yana kama bayi, ya yaƙi Birnin Gwari da ke nan maƙwabtaka da mu, garuruwa da yawa suka watse. Da Turawa suka ci Kwantagora a 1901 ya fito da rundunarsa ya shiga ƙasar Zazzau, ya matsa wa ƙauyukanta, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa. Ku lura da wannan: Zazzau masarauta ce ta Musulmi, ƙarƙashin tutar Sakkwato ɗaya da Kwantagora. An kama shi a 1902, aka mayar da shi sarauta a 1903, ya rasu a 1929. Yau barikin soja na Kwantagora sunan Nagwamatse yake ɗauke da shi, kuma akwai ginin Nagwamatse a kan titin Ahmadu Bello a Kaduna.

Turawa sun rubuta cewa da aka ce ya bar kamun bayi, sai ya kwatanta kansa da kyanwar da ba a hana ta kamun ɓera. Wannan magana a karɓe ta da taka-tsantsan, don waɗanda suka yaƙe shi ne suka yaɗa ta, kuma suna buƙatar hujjar cin ƙasa. Su ne fa a 1906 suka shafe garin Satiru daga doron ƙasa, kuma har gobe majalisar dokokin Jihar Kaduna a zauren da ke ɗauke da sunan Lugga take zama. Amma ko an jefar da labarin kyanwa, kufai na garuruwan da aka watsa ba Bature ne ya ƙirƙiro su ba. Jikokin waɗanda aka kama suna nan da ransu, suna ba da labarin kakanninsu.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan. Masu karewa suna cewa zamaninsu ne, kowa haka yake yi, kada ku auna su da mudun yau. Masu suka kuma suna so a yi irin abin da aka yi a Ingila a 2020, lokacin da aka tumɓuke gunkin wani ɗan kasuwar bayi mai suna Edward Colston a birnin Bristol aka jefa shi ruwa. Mu alhamdu lillahi addininmu ya hutar da mu daga gumakan mutane. Namu gumakan a baki suke: kirari, waƙa, da sunan da muke liƙa wa makaranta da titi.

Ni abin da nake gani, dukansu sun manta cewa Musulmi yana da mudun da bai tsufa ba. Ba ma buƙatar aro daga Majalisar Ɗinkin Duniya kafin mu san kama ɗa a sayar haramun ne. Hadisi ƙudusi yana nan a Bukhari, inda Allah Maɗaukaki ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Wannan hadisin ya riga Nagwamatse da shekara sama da dubu. Malam Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda shi kansa an taɓa kama shi an kai Maroko a ɗaure, ya rubuta littafinsa Mi'irajus Su'ud a 1615, ya bayyana cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, ya kuma ambaci Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Hatta game da waɗanda ba Musulmi ba, littattafan fiƙihun da malaman fada suke karantawa a lokacin sun ɗora sharuɗɗa: sai an yi kira zuwa ga addini, kuma wanda aka ba amana ba a taɓa shi. Fita farautar mutane don a cika kasuwa ba shi ne jihadin da ke cikin littafi ba.

Kuma kada a ce babu wanda ya gane haka a zamanin. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, tun ana tsakiyar jihadi ya ga yadda wasu suka karkata ga tara dukiya da ƙwaraƙwarai da neman mulki, ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta Liya'ul Hukkam. Da alƙalaminsa ya ba da labarin wannan ɓacin rai a Tazyinul Waraƙat. To idan ƙanen Shehu ya soki abokan tafiyarsa a kan son duniya, wane ne zai ce wa yaron Faskari ya yi shiru a kan jikan Shehu? Jinin malami ba ya halatta haram.

Gaskiya ne akwai abubuwan da na zamani ne, kuma zalunci ne a tuhumi mutanen da da su. Mallakar bawa ta hanyar da shari'a ta yarda da ita abu ne da duniya gaba ɗaya take kai. A Arewacin Nijeriya sai 1936 doka ta rufe ƙofar gaba ɗaya, a Saudiyya sai 1962. Wanda ya gaji bawa a gidan ubansa a 1880, ya ciyar da shi daga abin da yake ci, ya 'yanta shi daga baya, ba za mu jera shi da ɗan bindigar yau ba. Amma ƙona gari, raba uwa da jariri, cin amanar wanda ya ba da amana, waɗannan ba su taɓa zama halal a kowane ƙarni ba.

To tunda mun yarda aikin zalunci ne, sai mu tsine masa? A nan ne nake so mu daɗe, don a nan Sunna ta ba mu darasin da ya fi na kowa.

A shekara ta 8 bayan hijira, bayan an buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya aika Khalid bin Walid zuwa ƙabilar Banu Jazima. Mutanen nan suka so su ce sun musulunta, amma ba su iya faɗin kalmar da ta dace ba. Khalid ya kama su, ya ba da umarnin a kashe kamammu. Abdullahi bin Umar yana cikin rundunar, ya ƙi kashe wanda ke hannunsa, ya hana mutanensa. Da labari ya iso inda Manzon Allah yake, sai ya ɗaga hannayensa ya barranta ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu. Malaman sira suka ce ya aika Sayyadina Ali da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe, ya biya duk abin da aka ɓarnata musu, har ƙaramin kayan gida. Bayan haka Khalid bai daina zama kwamanda ba, kuma laƙabinsa na Takobin Allah bai faɗi ba.

Ku duba tsarin. Ba a ɓoye laifin ba, ga shi muna karanta shi a Bukhari bayan shekara 1400. Ba a ce ai yaƙi ne, a yi haƙuri ba. An tuna da waɗanda aka zalunta, an kai musu haƙƙinsu har gida. Kuma ba a shafe alherin mutumin ba. Ban ce Nagwamatse Khalid ne ba, subhanallah, sahabi daban yake, kuma Khalid kuskuren fahimta ya yi sau ɗaya, wancan kuwa sana'a ce ta shekaru. Abin da nake nufi shi ne hanyar: a barranta daga aiki a fili, a bar hukuncin mutum ga Ubangijinsa.

Wanda ya fi kama da batunmu shi ne Hajjaju bin Yusuf. Ya kafa majaujawa ya jefi Makka, ya kashe Abdullahi bin Zubair a shekara ta 73, ya kashe babban malami Sa'idu bin Jubair. Shi ne kuma ake danganta masa hidimar sa ɗigo a Mus'hafi don sauƙaƙa karatu. Imamuz Zahabi da ya zo kansa bai yi masa kwaskwarima ba: ya kira shi azzalumi mai zubar da jini, ya ce ba ma son sa, ya ambaci cewa yana da wasu ayyukan alheri da zunubansa suka rinjaya, sannan ya bar al'amarinsa ga Allah. Ka taɓa jin wani ya sa wa masallacinsa sunan Hajjaju a garin nan?

Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma a wata ruwayar saboda zagin yana cutar da rayayyu. Jikokin Nagwamatse Musulmi ne, 'yan'uwanmu ne, babu wanda ya kama bawa a cikinsu, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa ba a ɗora wa wani nauyin wani. Sau biyu a Suratul Baƙara, aya ta 134 da ta 141, Allah ya sanar da mu cewa al'ummar da ta shuɗe sakamakonta nata ne, namu namu ne. Saboda haka yaron da yake zagi da tsinuwa ya ji tsoron Allah. Amma wannan hanin bai hana malaman hadisi su ce wane maƙaryaci ne ba, bai hana malaman tarihi su rubuta wane azzalumi ne ba. Faɗin abin da ya faru don a kiyaye nasiha ce.

Saura maganar girmamawa. Ra'ayina ke nan, wanda ya saɓa mini ba mu yi faɗa ba. Umaru ya kafa gari, kuma garin ya zama mazaunin masallatai da makarantu, ba ƙarya ba ne a kira shi wanda ya kafa Kwantagora, kuma ban ga amfanin tayar da fitina a kan allon bariki ba. Kowane gari yana da nasa gwani. Ɗan Baskore da yake kawo hari ƙasar Katsina daga Maraɗi, a can akwai babbar makarantar sakandare da sunansa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yabi ɓarnar ita kanta. Kirarin da yake alfahari da garuruwan da aka ƙona da mutanen da aka ɗaure, wannan a bar shi, ko a fada ko a bakin makaɗi. Kuma idan za mu sa wa sabuwar Islamiyya suna, me ya kai mu wurin masu takobi alhali ga Nana Asma'u, ga Malam Abdullahi, ga Ɗan Marina da Ɗan Masani a cikin Katsinarmu?

Dalilina shi ne yaro abin da aka yi wa tafi yake kwaikwayo. A watan Yuli na 2022 an naɗa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Jihar Zamfara, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa kuɗi a kansa bisa zargin hannu a harin Kadisau, nan ƙaramar hukumar Faskari, inda aka kashe gomman mutane a 2020. Sai da jama'a suka yi ca sannan gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Idan muka saba da cewa mai ƙarfi ya kama mutane yau, gobe a yi masa rawani, jibi a sa wa gini sunansa, to da wane baki za mu hana yaron da ke kiwo a daji ya yi mafarkin zama haka?

Akwai kuma haƙƙin da har yanzu ba mu biya ba. Diyyar Banu Jazima ta isa gare su, na Gwarawa da Kambarawa ba wanda ya kai musu. Mafi ƙarancin abin da ke kanmu shi ne mu daina goranta wa jikokinsu. Har yau a wasu gidajenmu ana zuwa neman aure, yaro mai addini mai sana'a, sai wata tsohuwa ta raɗa cewa ai asalinsu bayi ne, magana ta lalace. Wataƙila kakan yaron nan ɗa ne a garinsu, manomi mai rumbunsa, dare ɗaya mahaya suka faɗo musu. Lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Manzon Allah (SAW) ya gaya masa a fuskarsa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. Waliyyin da ya mayar da mai neman aure saboda wannan dalili, ya san a wane layi ya tsaya.

Allah Ya kuɓutar da 'yan'uwanmu da ke hannun 'yan bindiga a dazukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Wallahu a'alam.