Sirdin Da Ya Ƙi Motsi

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa son ɗaga sirdin kekenka, ka kwance noti, ka ja, ka murɗa, ƙarfen ya ƙi motsi? Ba ranan nan ya kafe ba. Kowace damina ruwa yana bin ƙarfen sirdi yana sauka cikin bututu, inda ido ba ya gani. Can tsatsa ta ke tsira. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, sai ta cika ɗan filin da ke tsakani, biyun su zama kamar ɗaya. Daga waje fenti yana ƙyalli.

Mai gaggawa ya kan ɗauki guduma. Kowane bugu yana ƙara tura ƙarfen ciki, ya buɗe bakinsa, wani lokaci har bututun ya tsage. Je ka kasuwar Maradi ko ta Damagaram ka dubi tsohon mai gyaran keke. Shi ba ya bugu. Ya kan kife keken, ya ɗiga kananzir ko mai ta ƙasan bututu, ya ce maka, je ka sai jibi. Man ya bi ta inda ruwan ya bi. Sa'an nan ya kama sirdi ya murɗa kaɗan kaɗan, har ka ji ƙas.

Haka zunubi ya ke yi da zuciya. Ƙarya ɗaya, riba ta mudu mara cika, ƙiyayyar ɗan'uwa da ka riƙe tun rabon gona. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 3:13 ta gargaɗe mu a kan ruɗin zunubi mai taurare mutum. Wataƙila ka riga ka gwada guduma: ka rantse, ka yi alkawari, ka ƙara sadaka, bayan mako guda ka koma.

Allah bai ce ka ƙara ƙarfi ba. Cikin Ezekiyel 36:26 ya yi alkawari shi da kansa za ya cire zuciyar dutse, ya sa sabuwa. Domin wannan Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, Ruhunsa kuma yana kaiwa inda hannunka ba ya kaiwa.

Amma mai gyara ba ya taɓa keken da ke jingine cikin zaurenka. Faɗa wa Yesu zunubin nan da sunansa, yau, da bakinka. Ka nemi wani mai binsa a garinku, ku karanta Ezekiyel 36 tare.