Hannun Wa Za A Nema A Takardar Tiyata?

Duk ɗan Nijeriya da ya karanto likitanci a waje, Sudan ce ko Masar ko Indiya, ba zai fara aiki a gida ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Kafin ranar, ɗaliban kan zauna rukuni-rukuni suna bitar tambayoyin gwaji, kowace da amsoshi huɗu ko biyar, a ce a zaɓi wadda ta fi dacewa. Akasari kan cuta ne da magani, amma akwai wani nau'i da ya shafe mu kai tsaye.

Alal misali: an kawo mace tana naƙuda, mabiyiya ta tare hanya, jini na zuba, ba makawa sai tiyata. Tana cikin hayyacinta. Maigida ya yi tafiya, waya ba ta shiga. Shin a jira shi, ko a nemi sa hannun uwar miji, ko a tura ta wani asibiti, ko kuwa a yi mata bayani in ta yarda a shiga da ita?

Ɗalibin da ya tashi cikinmu zuciyarsa kan fara karkata ga jiran miji, kuma ban ga laifinsa ba, tun yana yaro yake jin mace ba ta fita sai da izini. To amma izinin fita daban, mallakar rai daban. Amsar da ake nema ita ce ta ƙarshe: baliga mai hankali, yardarta ake nema a kan jikinta. Kada a ce wannan ra'ayin Turawa ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa izinin majinyaci mai cikakken hankali sharaɗi ne, kuma idan rai na cikin haɗari na gaggawa ba a tsayawa jiran izini. Kare rai kuwa yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin su.

Daga nan ɗaliban kan sauya layi guda su ga yadda hukunci zai juya. In ta suma fa? A ceci ranta nan take. In ita da kanta ta ƙi, bayan ta fahimci komai? Ba a yi mata dole. A 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar wa majinyaci 'yancin ƙin magani, ko da ƙarin jini ne.

Wadda ta fi damuna ita ce wadda ba ta shiga cikin amsoshi huɗu, alhali kullum ana jin ta a ɗakin haihuwa: "Ni ina so, amma sai Malam ya ce." Wannan ƙi ne ko tsoro? Ta yiwu biyayya ce tsakani da Allah. Ta yiwu tana tunanin wa zai biya, wa zai ba da jini, me dangin miji za su ce in an yi mata aiki, har a kira ta raguwa. Likitan kirki zai fitar da 'yan rakiya, ya tambaye ta ita kaɗai, ya faɗa mata gaskiyar lokacin da ya rage, amma ba zai iya dangwala yatsanta da ƙarfi ba. Jini kuma ba ya jira, yana iya kashe mace cikin awa biyu.

Shi ya sa nake ganin rabin tambayar nan tamu ce, ke da maigidanki. Tun cikin na wata bakwai, in kin dawo daga awo, ki zaunar da shi cikin ladabi ki ce: "Malam, idan abu ya taso ba ka nan, ka yarje mini in sa hannu?" In ya amsa, ki roƙe shi ya maimaita a gaban Hajiyarsa, domin ita ce za ta raka ki asibiti.