Fatawa a Kan Wuƙar da Aka Saya ta WhatsApp, Ta Iso da Aibi

Tambaya

Ni mazaunin Filinge ne, a ƙasar Kurfai. Na ga hoton wata wuƙa mai naɗewa a wani zauren WhatsApp na saye da sayarwa. Mai ita yana Yamai, kuma ba ɗan kasuwa ba ne, tasa ce da ya daɗe yana aiki da ita. Ya ce mini a saƙon murya ƙirar hannu ce ta maƙeran Agadas, ƙotarta ta ƙaho ce, lafiyarta lau. Muka daidaita a jika 30, na tura masa kuɗin, ya ba direba ita a tasha. Da ta iso sai na tarar da tsaga a gindin ƙarfen, an like ta da walda an goge, kuma in an buɗe wuƙar ba ta tsayawa, sai ta koma kan yatsu. Na kira shi, ya ce kayan hannu ne ba sabo ba, kuma tun farko ya rubuta cewa in an saya ba a mayarwa. Wasu kuma sun ce mini cinikin ma haramun ne, tunda ban ga kayan ba. Mene ne hukunci? Kuma ya halatta in tona shi a zauren?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa, in al'amarin yana yadda ka faɗa, cinikinku ya inganta, kuma kana da haƙƙin mayar da wuƙar ka karɓi kuɗinka cif. Tushen hukuncin guda ɗaya ne: duk wanda ya sayar da abin da mai saye bai gani ba, maganarsa da hotonsa su ne suka tsaya a madadin idon mai saye, saboda haka shari'a tana kama shi da abin da ya faɗa da kuma abin da ya sani ya ɓoye. Nisa ba ya rage nauyin da ke kan mai sayarwa, ƙara shi yake yi.

Mu fara da masu cewa cinikin haramun ne, domin suna ganin cinikin biri a sama ne. Damuwarsu tana da asali, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san abin da za a samu a cikinsa ba, kuma Imamu Shafi'i a maganarsa ta ƙarshe bai yarda da sayar da abin da ba ya wurin ciniki ba. Amma mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ake karantarwa a makarantun zaure na ƙasar nan, ta halatta sayar da abin da ba ya nan in an siffanta shi siffar da ke kawar da jahilci. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halil. A cikin Muwaɗɗa ma Malik ya halatta sayar da dilar tufafi a ɗaure bisa takardar da ke bayyana abin da ke ciki, domin kwance kowace dila wahala ce ga fatake, kuma mutanen Madina a kan haka suke. Hoto da bidiyo da saƙon murya sun fi waccan takarda bayani. Game da ƙulla cinikin ta waya kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa na zamani, ta ware aure da canjin kuɗi da cinikin salam kawai saboda sharuɗɗan da suka keɓanta da su. Saura batun biyan kuɗi kafin kaya su iso. Malikiyya sun hana a sharɗanta haka in kayan suna da nisa, don kada kuɗin su zama yau farashi gobe rance, amma sun yarda in tazarar ba ta wuce kamar kwana biyu ba. Tsakanin Yamai da Filinge kimanin kilomita 180 ne, mota tana bi ta Baleyara ta iso a yini guda, don haka babu laifi a biyan da ka yi.

To, sharaɗin da ya halatta wannan ciniki shi ne kuma ya ɗaure mai sayarwa. An yarda ka saya ba ka gani ba ne don an siffanta maka, saboda haka in kayan suka zo yadda aka siffanta, ciniki ya zauna, ba ka da ta cewa. In suka saɓa, zaɓi yana hannunka. Shehu Halil ya bayyana cewa ana mayar da kaya in an rasa wata siffa da aka sharɗanta wadda mai saye yake da buƙata da ita, ko da rashinta ba aibi ba ne a kan kansa. Da wuƙar za ta iso garau amma maƙera su ce ƙirar kamfani ce ba ta hannu ba, ko ƙotar roba ce da aka rina ta yi kama da ƙaho, da wannan kaɗai ya isa a mayar, domin kuɗin da ka biya na aikin maƙeri ne. Balle kuma ga tsagar da aka like aka goge. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Wanda ya ɗauki hoton wuƙa ta ɓangaren da ke da kyau ya juya waldar ta fuskanci ƙasa, aikinsa da na mai tsibin nan ɗaya ne, har nasa ya fi muni, domin a kasuwa mai saye yana iya cusa hannu, a waya kuwa ba shi da wannan dama. Allah Maɗaukaki, a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, ya sanya yardar juna ta zama sharaɗin halaccin dukiyar fatauci, kuma yardar da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya ba yarda ba ce.

Maganarsa cewa kayan hannu ne tana da gaskiya a ciki, amma ba ta kai inda yake so ba. Wanda ya sayi abin da aka yi aiki da shi ya yarda da alamun aiki: ƙarce a jikin ƙarfe, dusashewar ƙota saboda gumin hannu, kaifin da ya ɗan ci saboda yawan wasawa, ɗigon tsatsa da mai zai fitar. Babu mayarwa saboda waɗannan, don su ne suka sa farashin ya sauka ƙasa da na sabuwa. Aibin da shari'a take lura da shi shi ne wanda al'ada ta nuna irin wannan kaya ba ya zuwa da shi, kuma yana rage daraja ko amfani ko yana jawo cuta. Wuƙa mai naɗewa amfaninta duka yana ga tsayuwarta in an buɗe. Wadda take rufewa kan yatsun mai fiɗa ko mai yankan igiya ta rasa abin da aka saye ta dominsa, kuma ƙarfen da ya tsage a gindi, inda nauyin yanka yake taruwa, yana iya karyewa a tsakiyar aiki. Tsufa daban, lalacewa daban, kuma kowane maƙeri ya san bambancin.

Sai rubutun nan na cewa in an saya ba a mayarwa, wanda malamai suke kira cinikin bara'a. Hanafiyya sun yarda da shi a faɗaɗe, kuma mai sayarwa yana iya kafa hujja da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Amsa ita ce sharaɗi ba ya halatta yaudara. A Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa sharaɗin barranta daga aibi, sai mai saye ya sami ciwo a jikinsa ya kai ƙara wurin Halifa Usmanu ɗan Affan. Usmanu ya hukunta cewa Abdullahi ya rantse bai san da ciwon ba lokacin ciniki. Abdullahi ya ƙi rantsuwa don tsantseni, ya karɓi bawan, daga baya ya sayar da shi dirhami 1500. Daga nan Malikiyya suka fahimci cewa bara'a ba ta amfanar mai sayarwa a aibin da ya sani, kuma a mashahurin zancen mazhaba ba ta aiki a sauran kayayyaki irin su tufafi da ƙarfe. Hanya ɗaya ce take kuɓutar da mai sayarwa: ya ambaci aibin da sunansa, ya nuna shi, ya faɗi girmansa. Da ya ce maka akwai walda a gindi kuma ba ta tsayawa, ka ce ka yarda, da ba ka da haƙƙin komai.

Haƙƙin naka ma yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗa maka ita. Matuƙar wuƙar tana yadda ta iso, zaɓi biyu gare ka: ka riƙe ta a kan jika 30 ɗin, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. Ba ka da ikon tilasta masa ya rage maka farashi, sai dai in kun sasanta a kan haka, kuma sasantawa halal ce. In ka ci gaba da aiki da ita bayan ka ga aibin, ko ka yi shiru kwanaki ba tare da uzuri ba, shari'a tana ɗaukar haka a matsayin yarda. In kuma wani sabon aibi mai tasiri ya same ta a hannunka kafin ka gano tsohon, kamar tsininta ya karye, to kana iya riƙe ta ka karɓi diyyar tsohon aibin, ko ka mayar ka biya abin da ta ragu a wurinka. Ga yadda ake lissafin: masana su ƙiyasta ta lafiyayya, a ce jika 30, su ƙiyasta ta da aibin, a ce jika 20, ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, sai a mayar maka da kashi ɗaya cikin uku na abin da ka biya. Wanda kuwa ya karɓi kaya daidai da siffa sannan ya ji ba ya so, ba shi da mayarwa sai mai sayarwa ya ga dama, ko da yake karɓar uzurin mai nadama abu ne da hadisi ya kwaɗaitar a kai.

Mai sayarwa yana iya cewa a hanya ta lalace. A mazhaba, kayan da ake ɗauka waɗanda aka sayar alhali ba sa wurin ciniki suna cikin lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai in an sharɗanta akasin haka. Direba kuwa amintacce ne a irin wannan kaya, ba ya biya sai an tabbatar da sakacinsa. Ban da haka, walda ba ta faruwa a bayan mota, hannu ne ya yi ta. Kuɗin mayar da wuƙar Yamai kuma suna kan mai sayarwa in ta tabbata ya san aibin ya ɓoye.

Ana iya cewa wannan hukunci zai buɗe ƙofa ga mai saye marar tsoron Allah ya lalata kaya da kansa sannan ya ɗora wa mai sayarwa. Shari'a ta toshe wannan ƙofa, domin hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu, kuma asali maganar mai sayarwa ake ɗauka cewa ya sayar da kayansa lafiya, sai masana sun shaida aibin tsoho ne. Masana a nan su ne maƙera. Ka kai wuƙar wurin amintattu biyu daga maƙeran Filinge, su dubi launin waldar da tsatsar da ke cikin tsagar da yadda ƙusar da take naɗewa a kanta ta ci. Su za su faɗi ko na jiya ne ko ya shekara. Ka adana saƙonnin murya da hotunan da takardar tura kuɗi, kada ka goge ko ɗaya, domin su ne siffar da aka ƙulla ciniki a kanta.

Game da tona shi, aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana zaluncin da aka yi masa. Amma rangwamen yana tsayawa ne a kan abin da ya faru. Ka fara yi masa magana tsakaninku, sannan ka sa shugaban zauren ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, sannan mai gari ko hakimi, waɗanda dokar ƙasa ta ba su ikon sasanta mutane, sannan kotu. In duk ya ƙi, ya halatta ka faɗa wa ƴan zauren abin da aka siffanta maka da abin da ya iso, don kada wani ya faɗa. Bai halatta ka kira shi ɓarawo ba, ko ka zagi danginsa ko ƙabilarsa, ko ka yaɗa hotonsa a wasu zaurukan don huce haushi. Ka kuma sani Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun shekarar 2019, wadda take hukunta ɓata suna ta waya, kada mai gaskiya ya wayi gari shi ake tuhuma.

Ga sauran masu irin wannan ciniki, maganin rigima yana gaban biyan kuɗi. Mai sayarwa ya ɗauki bidiyo yana buɗe wuƙar yana rufewa, ya nuna fuskokinta biyu da gindinta, ya faɗi duk gyaran da aka taɓa yi mata. Mai saye ya faɗi siffofin da ya damu da su a fili. In suna son sharɗanta zaɓin kwana biyu ko uku don dubawa, mazhaba ta yarda, sai dai a cinikin zaɓi ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko, don haka sai a ajiye su a hannun wani amintacce har wa'adin ya cika. Kuma a halin rashin tsaro da yankin Tilaberi, inda Filinge take, yake ciki, wuƙa kayan aiki ce da cinikinta ya halatta, amma haramun ne sayar da ita ga wanda aka san cutar da mutane zai yi. Shi kuma ɗan'uwanmu na Yamai, wajibi ne ya karɓi wuƙarsa ya mayar da kuɗin, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizam cewa gaskiya da bayyana aibi suna jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma suna shafe ta. Allah shi ne mafi sani.